66 ko 73: wa ya yanke yawan littattafan?

Maman Rahila:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Ina godiya ga duk wanda ya kira da wanda ya tako ya zo mana gaisuwar rasuwar surukata, Allah ya bar zumunci. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar jana'iza, na ga gara in kawo shi nan tunda muna da malamai a cikinmu. Kun san ni a ECWA aka haife ni, maigidana kuwa ɗan Katolika ne, shekara 14 ke nan kowa na zuwa cocinsa lafiya lau. To a wurin Mas na jana'izar, mai karatu ya ce karatu na fari daga Littafin Hikima ne, sura 3, inda aka ce rayukan masu adalci suna hannun Allah, azaba ba za ta taɓa su ba. Maganar ta ratsa ni har na yi hawaye. Da dare na ɗauko Littafi Mai Tsarki nawa in sake karantawa, na bi shi daga Farawa har Malakai, babu. Na ɗauko na maigida na Turanci, ga shi nan bayan Waƙar Waƙoƙi. Na zauna na ƙirga, nawa 66, nasa 73. Wa ya cire, ko wa ya ƙara? Kuma wa ya ba shi izini? Rahila ta fara zuwa katekizim, na san ba da daɗewa ba za ta yi mini wannan tambayar.

Ishaku:
Mama, Allah ya ƙara haƙuri. Amsar ba ta da tsawo. Katolika ne suka ƙara guda 7 a taronsu na Tirent a 1546, don Martin Luther, jagoran Furotestan na farko, ya matsa musu a kan yi wa matattu addu'a, su kuma ba su da aya sai a Makabi na Biyu. Ki duba Wahayi 22:18 ki ga abin da aka faɗa a kan mai ƙari.

Katekis Bulus:
Maman Rahila, Allah ya ba Mama hutawa ta har abada. Ishaku ƙanena, ka yi saurin yanke hukunci. In a 1546 aka ƙara su, me ya kai su cikin jerin da bishop-bishop na Afirka ta Arewa suka rubuta a Hippo a 393, suka sake tabbatarwa a Kartaj a 397? Tobit, Judit, Hikima, Sirak, Makabi na Ɗaya da na Biyu duk suna ciki, Baruk kuma tare da Irmiya ake lissafa shi a lokacin. Paparoma Innosent na Ɗaya ya aika wa bishop na Tulus irin wannan jeri a 405. Taron Filorens ya maimaita shi a 1442, shekara 41 kafin a haifi Luther. Tirent bai ƙara kome ba, ƙofar gardama ya rufe. Ayar Wahayi kuwa a kan annabcin da ke cikin Wahayi take magana, don lokacin da Yahaya ya rubuta ta babu kundi ɗaya mai bango da ake kira Baibul.

Ni ma ga tawa tambayar, kuma ba da faɗa ba. Shafin farko na Baibul ɗinka inda aka jera sunayen littattafai, wane manzo ne ya rubuta shi? Nuna mini ayar da ta ce Ibraniyawa na ciki, wasiƙar Barnaba ba ta ciki. In babu, to ka riga ka yarda da ikkilisiya tun kafin ka buɗe Farawa 1:1.

Ishaku:
Romawa 3:2 ta ce Yahudawa aka danƙa wa maganar Allah. Su da kansu ba su da waɗannan bakwai a littafinsu. Yaya baƙo zai fi mai gida sanin ɗakunan gidansa?

Malama Saratu:
Barkanmu da yamma. Maman Rahila, sannu da haƙuri. Na daɗe ina koyar da wannan darasi a sakandare, kuma abin da na lura shi ne kowane ɓangare yakan ɗauki rabin labarin da ya yi masa daɗi ya bar rabin.

Kiristocin farko galibinsu ba sa jin Ibrananci. Helenanci ne harshen kasuwa da tafiya a lokacin, kamar yadda Hausa take a Arewa. Don haka Tsohon Alkawarin da ke hannunsu fassarar Helenanci ce da Yahudawan Iskandariya suka fara tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, ana ce mata Septuwajint. Da Helenanci ne littattafai irin su Hikima da Sirak da Tobit suka shigo hannun ikkilisiya, aka yi ta karanta su a sujada. Yahudawa kuwa, Ishaku ya yi gaskiya, jerin da suka tsaya a kai gajere ne. Masanin tarihinsu Yosefus, a ƙarshen ƙarni na 1, ya ce littattafansu 22 ne. Sukan haɗa da yawa wuri ɗaya, ƙananan annabawa 12 ma littafi ɗaya ne a wurinsu, shi ya sa lissafin bai yi kama da 39 ɗinmu ba.

Gardamar tun a ikkilisiyar dā ta taso, ba Luther ya fara ta ba. Jerom, mai fassarar Latin, ya tare a Baitalami, ya yi karatun Ibrananci a wurin malaman Yahudawa, ya ce abin da ba ya cikin na Ibrananci a karanta shi don gina jama'a amma kada a kafa koyarwa a kansa. Agustin na Hippo ya ce a'a, abin da ikkilisiyoyi suka gada suna karantawa shi ne Nassi. Zamani ɗaya suka yi, suna aika wa juna wasiƙu, wani lokaci da zafi. A wata wasiƙa Agustin ya ba Jerom labarin abin da ya faru a Oya, wato Tarabulus ta Libiya a yau, garin da fataken Kano suka riƙa kai kaya ta Gadamas daga baya. Bishop ya sa a karanta sabuwar fassarar Jerom ta littafin Yunusa. Da aka zo kan tsiron da ya yi wa annabin inuwa, sai jama'a suka ji kalmar da ba ita kunnensu ya saba da ita ba. Tsohuwar fassara duma ta ce, Jerom ya sa sunan wani tsiro mai yaɗo dabam. Coci ya kaure da hayaniya, sai da bishop ya koma wa tsohuwar kalmar don kada ya rasa mutanensa. Kalma ɗaya fa! Ina son labarin nan don ya nuna inda littattafan suke zaune a lokacin, a kunnen jama'a ne, waɗanda yawancinsu ko karatu ba su iya ba. Bishop bai isa ya shigo da sabon littafi ko ya cire tsoho ranar Lahadi ɗaya mutane su yi shiru ba.

Katekis, Hippo da Kartaj sun tsaya inda Agustin ya tsaya, haka ne. Amma tarukan yanki ne, har su da kansu suka rubuta cewa a tuntuɓi ikkilisiyar ƙetaren teku ta tabbatar. Ra'ayin Jerom kuma bai mutu ba. Kadinal Kajetan, wanda Paparoma ya sa ya tuhumi Luther a Augsburg a 1518, shi kansa a wannan batu Jerom ya bi. Sai ranar 8 ga Afrilu 1546 Tirent ya sa la'ana a kan wanda ya ƙi littattafan.

Katekis Bulus:
Ban musa batun Kajetan ba, Malama. Ai shi ne ya nuna ana bukatar mai yanke magana.

Baba Fasto Iliya:
'Ya'yana, tun ɗazu nake bin maganganunku. Jikana ne yake buga mini, sai ku yi haƙuri da jinkiri. Maman Rahila, Ubangiji ya ta'azantar da gidanku.

Bulus, tambayarka a kan shafin farko tambaya ce mai kyau, ban raina ta ba. Inda muka rabu shi ne ma'anar da ka ba ta. Ungozoma ce take fara ɗaukar jariri, ita ke yanke cibiya, ita ke fitowa ta ce namiji ne. Ba ita ta haife shi ba, kuma faɗarta ba ita ta mai da shi namiji ba. Haka na ɗauki aikin ikkilisiya. Ta karɓa, ta shaida, amma ba ta ba littafi ikon da ba shi da shi ba. Afisawa 2:20 ta ce a kan harsashin manzanni da annabawa aka gina mu, gini kuwa ba ya haƙa wa kansa harsashi.

Ku duba tun yaushe ake ɗaukar rubutun manzanni da nauyi. Bitrus na Biyu 3:16 ya sa wasiƙun Bulus a sahu ɗaya da sauran Nassosi. Jastin Mai Shahada, wajen shekara ta 150 a Roma, ya rubuta cewa ranar Lahadi sukan taru a karanta abin da manzanni suka bari da littattafan annabawa gwargwadon lokaci, sannan shugaba ya yi gargaɗi. Ba a yi taro ko ɗaya a kan jeri ba tukuna.

Akwai wanda kullum in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ranar 17 ga Yuli shekara ta 180 aka gurfanar da wasu Kiristoci, mutanen wani ƙaramin gari mai suna Sili, gaban gwamnan Roma a Kartaj. Gwamna ya tambayi mai magana da yawunsu, Siferatus, abin da ke cikin akwatinsu. Ya ce littattafai ne da wasiƙun Bulus, mutum mai adalci. Aka yanke musu hukuncin takobi, su 12, maza da mata. Shekara 213 ke nan kafin taron Hippo. Wa ya gaya wa mutanen nan cewa wasiƙun Bulus sun isa a riƙe su har gaban alƙali? Tumakina suna jin muryata, in ji Ubangiji a Yahaya 10:27. Duk wanda ya zauna kusa da ruga ya ga wannan da idonsa.

Katekis Bulus:
Baba, ranku ya daɗe, kun yi magana mai nauyi, mu ma muna tunawa da shahidan Sili ranar 17 ga Yuli. Amma ku bar ni in kawo wani labarin na kusan zamani ɗaya. Wajen shekara ta 200, Sarafiyon bishop na Antakiya ya kai ziyara wani gari mai suna Rosus, ya tarar 'yan ikkilisiya suna jayayya a kan wata bishara mai ɗauke da sunan Bitrus. Bai karanta ta ba, ya ce in wannan ce kawai ta raba ku, a ci gaba da karantawa. Daga baya ya ji cewa masu cewa Almasihu bai sha azaba da gaske ba, kamanni ne kawai, su suke jingina da ita. Ya aro kwafi ya karanta, ya ga yawancinta daidai ne amma an cusa wasu abubuwa, sai ya rubuta musu ya tsawatar. To Baba, mutanen Rosus ba tumaki ba ne? An yi musu baftisma, amma ga wasunsu suna jin muryar makiyayi a littafin da ba nasa ba. Sai da mai sanda ya zo. Kowa a kasuwa ya san hatsi, amma ranar da rigima ta tashi a kan mudu ba a cewa kowa ya bi zuciyarsa, sarkin kasuwa ake kira.

Ga Markiyon kuma, mai jiragen ruwa daga Sinofe, wanda ya yar da Tsohon Alkawari duka, ya riƙe Luka da ya yi wa aski da wasiƙun Bulus 10. Shi ma cewa yake muryar Almasihu ya ji. Wajen 144 ikkilisiyar Roma ta fitar da shi, ta mayar masa da kuɗin da ya ba ta. Shi ya sa Agustin ya ce ba don ikon ikkilisiyar Katolika ya motsa shi ba, da bai gaskata bishara ba.

Baba Fasto Iliya:
Da me Sarafiyon ya auna littafin? Ba da rawaninsa ba, don da rawanin a kansa ya riga ya yi kuskure ya ba da izini. Sai da ya zauna ya gwada shi da koyarwar da aka gada daga manzanni. Mudun yana nan kafin a naɗa sarkin kasuwa, shi ma in ya karkace da mudun za a kama shi.

Talatu:
Ku yi haƙuri in katse ku. Wani abokin aikina kullum cewa yake Sarki Kustantin ne ya tara bishop-bishop a Nikiya ya zaɓi bishara huɗu ya ƙone sauran. Me zan ce masa?

Malama Saratu:
Ki ce ya kawo shaida. Taron Nikiya na 325 a kan koyarwar Ariyus ya zauna, wato ko Ɗan daidai yake da Uba, sai batun ranar Ista, ya kuma bar dokoki 20 na tsarin ikkilisiya. Duk suna nan ana karantawa, babu jerin littattafai a ciki. Ireniyus na Liyon ya rubuta tun wajen 180 cewa bishara huɗu ce, ba ƙari ba ragi, tun ba a haifi Kustantin ba. Abin da sarkin ya yi shi ne ya sa Yusebiyus na Kaisariya ya shirya masa kwafi 50 na Nassi don majami'un sabon birninsa.

Katekis Bulus:
A kan wannan bakinmu ɗaya duka.

Habila:
Na yi aiki shekara uku a Adis Ababa, abin da na gani can ya sa 66 da 73 suka daina ba ni mamaki. Cocin Otodoks ta Habasha 81 take ƙirgawa, har da littafin Anuhu da na Jubili. Na yi gardama da wani dikon nasu, ya ce in buɗe Yahuza aya 14 da 15. Na buɗe, ga Yahuza yana kawo annabcin Anuhu, maganar kuma tana nan a littafin nasu. Ya ce su Kiristoci ne tun ƙarni na 4, zamanin Sarki Ezana, bishop ɗinsu na farko ma Atanasiyus na Iskandariya ne ya naɗa shi. To Katekis, in ikkilisiya ce mai yankewa, wace ikkilisiyar? Ta Roma ta ce 73, ta Habasha ta ce 81, ta Girka tana da Makabi na Uku da Zabura ta 151. Baba kuma, in tumaki suna jin murya, me ya sa na Habasha suka ji Anuhu mu ba mu ji ba?

Dauda Numan:
Ni ɗan Lutaran ne, kuma gaskiya ɗaci gare ta, dole in faɗi namu. A Sabon Alkawarinsa na Jamusanci na 1522, Luther ya ɗauke Ibraniyawa, Yakubu, Yahuza da Wahayi ya kai su ƙarshe, bai sa musu lamba kamar sauran 23 ba, har ya kwatanta wasiƙar Yakubu da busasshiyar ciyawa. Mabiyansa ba su cire su ba, yau muna karanta Yakubu kamar kowa. Abin da na koya a nan, kunnen mutum ɗaya, kome girmansa, bai isa ba. Sai dai Ishaku, Luther bai jefar da bakwai ɗin ba. A cikakken Baibul nasa na 1534 ya tara su tsakanin Tsoho da Sabo, ya rubuta a kansu cewa ba daidai suke da Nassi ba amma suna da amfani, suna da kyaun karantawa.

Ishaku:
To me ya rage? Kowa da jerinsa, Luther ma yana shakka. Ni gaskiya hankalina ya tashi. Tun ina yaro 66 aka koya mini, har waƙarsu muke yi a Sande Sukul.

Malama Saratu:
Kwantar da hankalinka, ƙanena, abin da ya rage da yawa yake. Wajen 325 Yusebiyus ya zauna ya rarraba littattafan Sabon Alkawari, da waɗanda kowa ya karɓa, da waɗanda ake jayayya, da na ƙi. Bishara 4, Ayyukan Manzanni, wasiƙun Bulus 13 masu ɗauke da sunansa, Bitrus na Ɗaya, Yahaya na Ɗaya, 20 ke nan cikin 27, ba su cikin jayayya. Sauran 7 kowanne da dalilinsa. Ibraniyawa babu sunan marubuci, sai ikkilisiyar Yamma ta yi jinkirin karɓarta. Wahayi kuwa ikkilisiyar Gabas ce ta yi jinkiri, har Diyonisiyus na Iskandariya ya ce Helenancinsa bai yi kama da na bisharar Yahaya ba. Yahaya na Biyu da na Uku gajeru ne ƙwarai, ba su yaɗu da wuri ba. Tsohon Baibul na Suriyanci, Feshitta, 22 kawai yake da su. Kundin Sinai kuwa, wani tsohon kwafin Baibul na ƙarni na 4, ya liƙa Barnaba da Makiyayin Hamisa a bayan Wahayi. Ni jinkirin nan ƙarfafa ni yake yi, don ya nuna mutanen ba sa karɓar littafi saboda kawai an rubuta sunan manzo a goshinsa. Sukan tambaya daga zamanin manzanni yake, ana karanta shi ko'ina, kuma ya yi daidai da bangaskiyar da aka gada? Kalmar kanon ma, da ake kiran jerin littattafan da aka karɓa da ita, da Helenanci karan awo take nufi, kusan mudun da Baba da Katekis ke ja.

Jeri na farko da ya zo daidai da 27 ɗinmu wasiƙar Ista ce ta Atanasiyus a 367, kuma yau Katolika da Furotestan da Otodoks na Girka da Rasha duk a kansa suke. Tsohon Alkawarinsa kuwa ba wanda zai ce nasa ne gaba ɗaya. Ya lissafa Baruk a ciki, ya ajiye Hikima, Sirak, Judit da Tobit a matsayin na koyar da sababbin tuba, ya kuma sa Esta tare da su.

Katekis Bulus:
Habila, amsarmu ita ce ikkilisiyar da take tare da magajin Bitrus, wato Paparoma, na san kuma ba za ka karɓa ba. Amma akwai abin da ake jingina mana wanda ba mu faɗa ba. Taron Batikan na Ɗaya a 1870 ya ce ikkilisiya ba ta riƙe littattafan nan da tsarki don ta sa musu hannu daga baya ba, sai don Ruhu Mai Tsarki ne ya hure su, Allah ne mawallafinsu, a haka aka miƙa mata su. Saboda haka Baba, ban ƙi misalinku na ungozoma ba. Abin da na ce, wannan ungozomar ba za ta musanya jariri ba, don an yi mata alkawarin Ruhu mai bi da ita cikin dukan gaskiya, Yahaya 16:13.

Baba Fasto Iliya:
To mun iso gindin maganar ke nan, na kuwa ji daɗi da ka faɗe ta a fili. Kai ka ce ba ta kuskure. Ni na ce tana iya yi, Bitrus ma ya yi a Antakiya har Bulus ya tsawata masa fuska da fuska, Galatiyawa 2:11. Na gaskata Allah ya bi da ita ta gane 27 ɗin nan, amma ba don bakinta ba ya tuntuɓe ba, sai don muryar da ke cikin littattafan ta fi ƙarfin a ɓatar da ita. A kan bakwai ɗin, inda Jerom ya tsaya nan na tsaya. Ubangiji a Luka 24:44 Attaura da Annabawa da Zabura ya ambata, kuma ba inda Sabon Alkawari ya ɗauko ɗayansu ya ce a rubuce yake. Habila, Bulus ma ya kawo maganar mawaƙan Helenawa a Ayyukan Manzanni 17:28, bai mai da su Nassi ba.

Habila:
Baba, da girmamawa, Bulus cewa ya yi mawaƙanku sun faɗa. Yahuza kuwa cewa ya yi Anuhu ya yi annabci. Ba ɗaya ba ne.

Baba Fasto Iliya:
Ba ɗaya ba ne, ɗana, ka yi gaskiya. Mutum yana iya faɗin kalmar annabci ɗaya ba tare da littafin da ke ɗauke da ita ya zama hurarre duka ba, Kayafa ma ya yi annabci a Yahaya 11:51. A nan nake, amma ban ce ayar ba ta da nauyi ba.

Katekis Bulus:
In rashin ɗaukowa ne ma'auni, Baba, Esta da Mai Hadishi da Waƙar Waƙoƙi ma ba a ɗauko su ba. Maman Rahila, ki karanta Ibraniyawa 11:35, waɗanda suka ƙi kuɓuta don su sami tashi mafi kyau, sannan ki buɗe Makabi na Biyu sura 7 a na maigida.

Maman Rahila:
Zan karanta. Amma Malama, in Luther ya bar su a tsakiya, me ya sa nawa na Hausa ko a tsakiyar babu?

Malama Saratu:
Wannan labarin gidanmu ne, don a Wusasa ta Zariya na tashi. Baibul na Sarki James na 1611 yana da su a tsakiya, kuma ƙa'ida ta 6 cikin ƙa'idodi 39 na Angilikan ta ce a karanta su don koyon zaman duniya, ba don kafa koyarwa ba, har ta ambaci Jerom. A 1826 ƙungiyar buga Baibul ta Birtaniya, bayan doguwar rigima da magoya bayanta na Sikotlan, ta yanke cewa ba za ta ƙara kashe kuɗinta wajen buga su ba. Ita ce ta buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa na farko a 1932, wanda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi jagorancin fassararsa. Kin ga shawarar da aka yanke a Landan sama da shekara 100 kafin nan ita ta tsara abin da iyayenmu suka fara riƙewa a hannu, mu kuma muka tashi muna zaton haka yake tun fil azal.

Maman Rahila:
Na dawo. Jiya da dare ni da Baban Rahila mun karanta Makabi na Biyu sura 7, uwar nan da aka kashe 'ya'yanta bakwai a gabanta tana ƙarfafa su. Ban iya ƙarasawa ba, shi ya ƙarasa. Baba Fasto, laifi ne in riƙa karanta Hikima 3 in na tuna da surukata?

Baba Fasto Iliya:
Ba laifi ba ne, 'yata, karanta. Ni ma na karanta su duka, Sirak ma fiye da sau ɗaya. Abin da ba zan yi ba shi ne in hau bagade in ce haka Ubangiji ya faɗa daga cikinsu, ko in kafa addu'a domin matattu a kansu. Ki haɗa da Yahaya 10:28 da 29, hannun da Hikima ta ambata yana can ma.

Katekis Bulus:
Rahila kuwa 73 za mu koya mata, ba zan ɓoye miki ba. In ta tambaye ki naki, ki gaya mata gaskiya, kada ki ce an sace ko an cusa.

Maman Rahila:
Haka zan yi. Zan gaya mata Jerom da Agustin ne suka fara, babanta yana bayan ɗaya, ni ina bayan ɗaya. Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani.

Ishaku:
Katekis, na janye maganar 1546, amma ina nan a kan 66. Malama, ina son in ga wasiƙar Atanasiyus ɗin nan da idona.

Malama Saratu:
Sashen jerin ba shi da tsawo. Zan juya shi zuwa Hausa in sa a nan ranar Asabar in na gama duba takardun jarrabawa. Ka lura da inda ya sa Esta.